Hoton kare a situdiyo: a gama shirya haske kafin ya shigo

Mutum idan ya zauna gaban kyamara sai ka ce masa ɗaga haɓa, juyo kaɗan, tsaya haka, ya kuma tsaya. Kare ba ya jin wannan yaren. Abin da zai ba ka na hankalinsa bai cika wuce minti 15 zuwa 20 ba, kwikwiyo ma bai kai haka ba, daga nan sai haki da hamma da leƙen ƙofa. Mai hoton da ya ɓatar da minti goma na farko yana ɗaga fitila yana sauke ta ya cinye rabin jarinsa tun bai ɗauki komai ba. Shi ya sa aikin gaba ɗaya ya rataya a kan abu guda: ka tanadi fili mai faɗi na haske wanda duk inda karen ya juya a cikinsa hoto zai fito, ka kuma gama tanadinsa tun karen yana waje.

Gwajin ba ya bukatar kare. Ɗora matashin kai a kan kwali har ya kai tsayin karen da za a kawo, ka lulluɓe shi da tawul mai launin da ya yi kusa da na gashinsa, ka yi duk gwaje-gwajenka a kansa. Ka manna ɗan salatif a ƙasa daidai wurin, don kai da mai karen ku san inda za a zaunar da shi.

Ƙasa kafin fitila

Yawancin masu fara wannan aiki fitila suke tunani, amma abin da ya fi ɓata zaman shi ne daɓe. Kare a kan tayil mai santsi ba ya sakin jiki. Ƙafafunsa na gaba za su riƙa zamewa a hankali, ya bubbuɗa yatsu, ya ƙanƙame kafaɗa, kuma duk wannan yana fitowa a fuskarsa. Takardar bango ta nadi, wadda faɗinta ya kai mita 2.72, tana ba da baya mai tsabta, sai dai tana da sharaɗi: a shimfiɗa ta a kan daɓe mai tauri, a manne gefunanta. Idan aka shimfiɗa ta a kan kafet, faratan kare za su huda ta a takun farko. A ganina abin da ya fi sauƙi shi ne a bar takardar ta tsaya a baya kawai, a ƙasa kuma a sa leda mai kauri marar ƙyalli, ko zanen tamfol da aka yi wa fenti, ko tabarmar roba mai launin bangon. Karen ya zauna mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga bango, don kada inuwarsa ta faɗa a kai.

Kowace sandar fitila a danne ƙafarta da buhun yashi na kilo biyar ko fiye. Wutsiyar babban kare irin Boerboel guda ta isa ta kayar da sofbos, wato akwatin yadi da ake sa wa fitila don ya tausasa haske, kuma karen da fitila ta faɗo kusa da shi ya gama aiki a ranar. Wayoyin wuta a manne su a ƙasa ko a ɗage su sama, don in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Filash mai batir, irin su Godox AD200 ko AD600, yana raba ka da wannan matsala, yana kuma raba ka da ƙarar janareta.

Babbar fitila

Fitila guda ta isa farawa: filash a cikin sofbos mai faɗin santimita 90 zuwa 120, a gefe, kusurwar digiri 45 daga kyamara. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ta a tsayin da aka saba ɗaukar mutane. Kan kare a zaune bai cika wuce santimita 60 zuwa 80 daga ƙasa ba, ga shi da goshi da gira masu rufe ido. Hasken da ya sauko daga mita biyu a sama zai haske ƙoƙon kai da doron hanci, ya bar idanu kamar ramuka biyu. Ka sauke sofbos ɗin har tsakiyarsa ta ɗara idon karen da kamar taƙi ɗaya ko biyu kawai. Ga ƙananan karnuka, ƙasan sofbos ɗin zai kusa taɓa daɓe, kuma haka ake so. Shaidar ka dace ita ce ɗigon haske a cikin ido, a sama ta gefe, wajen ƙarfe 10 ko ƙarfe 2 na agogo. Idon da ba shi da wannan ɗigon ya mutu, komai kyan sauran hoton.

Sai batun nisa, wanda a nan hoton kare ya rabu da na mutum. Haske yana raguwa ne da ninkin nisa sau kansa: ka ninka nisa biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan fitila tana mita ɗaya daga kare, ya matso santimita 30, hasken da ke kansa ya ninka, mataki guda cur ke nan, farin ƙirjinsa ya ƙone. Idan tana mita biyu, wannan matsowar ba ta wuce rabin mataki ba. Don haka ga karen da ba ya zama wuri guda, ja fitilar baya zuwa mita ɗaya da rabi ko biyu. Za ka rasa ɗan laushin haske, sai ka rama da sofbos mafi girma. Cinikin ya biya.

A ɗaya gefen, farin kwali ko allon soso fari ya isa ya mayar da haske cikin inuwa. Ya fi faifan azurfa mai naɗewa, domin shi wannan idan ya buɗe yana yin ƙara yana walainiya, karnuka da yawa kuma ba sa ƙaunarsa.

Kada ka ɗora filash a kan kyamara ya fuskanci kare kai tsaye. A bayan idon kare akwai wani shimfiɗi mai ƙyalli da likitoci ke kira tapetum lucidum, shi ne ke sa idonsa ya yi kore ko ɗorawa idan fitilar mota ta haska shi da dare. Hasken da ya shiga daga saitin lensi ta nan yake dawowa. Karnuka masu shuɗin ido, irin wasu Husky, nasu ja yake fitowa. Da zarar fitila ta koma gefe, matsalar ta kau.

Baƙi da fari

A nan ake gane wanda ya iya. Ma'aunin haske na kyamara kullum yana ƙoƙarin mayar da abin da ya gani toka-toka. Ya ga baƙin kare sai ya ƙara haske har gashin ya koɗe, ya ga fari sai ya rage har ya yi dauɗa. Saboda haka a sa kyamara da filash duka a kan saitin hannu, a auna da kati mai launin toka, a bar su haka.

Baƙin gashi ba ya fitowa da yawan haske. Da sheƙi yake fitowa. Abin da ido ke gani a jikin baƙin Labrador ko Rottweiler hoton fitilar ne da kanta yana ƙyalli a kan gashin, kamar yadda taga ke fitowa a jikin baƙar mota da aka wanke. Ke nan girman fitilar da kusurwarta su ne magana. Ka tura babbar fitilar gefe sosai, wajen digiri 60 zuwa 90, yadda hasken zai bi ta kan gashi a kwance, sai ka ga tsoka da lanƙwasar kafaɗa sun bayyana. Sannan ka ƙara fitila ɗaya ko biyu daga baya ta gefe, a cikin dogon sofbos siriri na santimita 30 da 120, mai ragar saƙar zuma a gaba don kada haske ya fantsamo cikin lensi. Su ne za su zana layin haske a gefen kunne da wuya da gadon baya, su raba karen da bango. Baƙin kare a kan baƙin bango yana cikin hotunan da suka fi kyau, amma in babu waɗannan fitilun baya, abin da za ka samu idanu biyu ne da harshe suna yawo a duhu. Ka fara da ƙarfinsu daidai da na babbar fitila, ka rage idan gefen ya yi fari fat. Kafin ɗauka a taje gashin a goge shi da ɗanyen tsumma, domin ƙura da amosani a baƙin gashi suna fitowa kamar an barbaɗa gishiri.

Farin kare matsalarsa akasin haka ce. Ka kunna alamar gargaɗin da ke ƙiftawa a allon kyamara inda haske ya ƙone, ka rage ƙarfi har ta daina ƙiftawa a goshi da ƙirji. Gashin da ya ƙone ba ya dawowa a kwamfuta. Farin gashi kuma yana kwashe launin duk abin da ke kusa da shi: jan bango zai sa cikinsa ya yi ja, koriyar rigar mai riƙe da shi za ta fito a kumatunsa. Idan farin bango ake so, a haska bangon daban, ya ɗara karen da kashi biyu cikin uku na mataki zuwa mataki guda, kada ya wuce haka, in ba haka ba hasken zai dawo ya cinye bakin gashin. Baƙin kwali biyu a gefe da gefe, dab da inda hoto ya ƙare, suna ba gefen jikinsa ɗan duhu ya fita daga bangon.

Mai dogon gashi, irin Lhasa Apso, yana son hasken baya mai laushi, kuma a ɗaure ko a taje gashin goshi don ido ya samu hanya. Mai gajeren gashi da ƙirar tsere kuwa hasken gefe ne nasa. Misali mafi kusa shi ne Azawakh, karen Buzaye na yankin Mali da Nijar da Burkina Faso, wanda ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, ta karɓa cikin jerinta a 2019. Fatarsa siririya ce, haƙarƙari da ƙashin ƙugu a bayyane suke bisa halitta. Haske daga gefe yana fito da wannan ƙira, amma idan ya yi tsauri sai karen ya fito kamar yunwa ce ta kama shi, don haka a matso da farin kwalin kusa.

Saitin kyamara

Mafarin da ba ya ba da kunya: ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 100 ko 200, saurin ƙifta 1/160 zuwa 1/200 na daƙiƙa, ƙofar haske f/8, launin haske wajen 5500K, a ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. Yawancin kyamarori ba sa tafiya da filash sama da 1/200 ko 1/250, ka wuce nan sai baƙin layi ya yanke hoton. Kafin komai, kashe filash ka ɗauki hoto guda. Ya kamata ya fito baƙi ƙirin. In ka ga wani abu a ciki, hasken ɗakin yana shiga, kuma shi ne zai jawo inuwar motsi a kunne da wutsiya.

Me ya sa f/8, alhali kowa yana son bayan hoto ya narke? Saboda tsinin baki. Lensi na 85mm a babbar kyamara mai cikakken firam (full frame), a nisan mita ɗaya da rabi, a f/2.8, zurfin abin da zai fito tar bai wuce santimita biyar ba, kuma kusan rabinsa yana bayan ido. Tsakanin idon Alsatian da hancinsa ya kai santimita goma ko fiye. A f/8 zurfin ya kai kamar santimita 15, idan ka ja baya zuwa mita biyu ya haura 25. Ba dole hanci ya fito tar kamar ido ba, amma kada ya zama dunƙulen baƙi a tsakiyar hoto. Saitin inda hoto zai fito tar kullum a kan idon da ya fi kusa da kyamara. Kyamarorin zamani suna gane idon dabba: Sony ta kawo wannan a 2019, Nikon da Canon suka biyo a 2020. Yana aiki, sai dai baƙin ido a baƙar fuska a ɗaki mai duhu yana ruɗa shi ya koma kan hanci, don haka a bar fitilar gwaji ta filash, wato ƙwan da ke ci ba ɗaukewa a jikinsa, a kunne.

Lensi 70-200mm ya fi kowane sauƙi, domin kana canza girman hoto ba tare da ka motsa ba, motsinka kuwa yana tayar da kare. Lensi mai faɗi, 24mm ko 35mm a kusa, yana kumbura hanci ya ƙanƙance jiki. Hoton raha ne, ɗaya ko biyu sun isa.

Idan ana son kama kare yana cafe loma a iska ko yana kakkaɓe jiki, tsawon walƙiyar filash ne ke tsayar da motsi, ba saurin ƙifta ba. Ana bukatar 1/2000 na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Ƙananan filash da na batir na zamani walƙiyarsu tana gajarta idan an rage ƙarfi, don haka ka sauko 1/8 ko 1/16 na ƙarfinsu, ka ɗaga ISO zuwa 400. Tsofaffin manyan fitilun situdiyo da yawa nasu akasin haka ne, ragewa tsawaita shi take yi. Ka kuma lura da lambar tsawon walƙiya da kamfani ya rubuta: idan t0.5 ce, wadda ke ƙirga lokacin da walƙiyar take sama da rabin ƙarfinta kawai, ainihin tsawon da ke shafar motsi, wato t0.1, ya kai ninkinta uku.

Karen ya iso

A fita da shi ya yi fitsari tukuna. In ya shigo, a rufe ƙofa a sake shi ya shinshina ko'ina na minti biyar. Kada ka tunkare shi gaba da gaba, kada ka ranƙwafa a kansa, kada ka zura masa ido. Tsuguna ka ba shi gefe, shi zai zo. Kashe ƙarar da filash ke yi in ya cika, domin kunnen kare yana jin sautin da ya ninka iyakar na mutum fiye da sau biyu. Sannan ka harba filash a ƙarfi mafi ƙanƙanta, yana kallon bango, mai shi ya jefa masa loma nan take. A maimaita sau biyar ko shida ana ƙara ƙarfi. Yawancinsu a nan suke daina kula. Wanda ya ci gaba da zabura, musamman mai tsoron tsawa, a koma fitilar LED marar walƙiya, a ɗaga ISO zuwa 1600, saurin ƙifta 1/500. Mai ciwon farfaɗiya kuwa tun farko a tambayi mai shi, kada a harba masa filash sai da yardar likitan dabbobi.

Lomar ta zama dafaffen naman kaza ko hanta ba gishiri ba yaji, an yayyanka kamar ƙwayar wake, don ya haɗiye ba tare da tauna ba. Ban da cakulan, inabi, zabibi, albasa, tafarnuwa da goro, duk guba ne ga kare. Kilishi da tsire ma a bar su, yaji da gishiri sun yi yawa. Kada a fito da abinci da wuri ga kare mai haɗama, domin daga nan sai dalala. Tawul na goge baki da auduga ta share kwantsa su kasance a hannu. Wanda ke kiyaye tufafin sallarsa daga yawun kare ya tanadi rigar aiki daban.

A nemi katin rigakafi kafin a sa rana, musamman na ciwon haukan kare. Tsakanin kare da kare a wanke daɓe da bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, awo ɗaya a awo 30 na ruwa, a bar shi minti goma, a ɗauraye. Ƙwayar cutar parvo tana daɗewa a ƙasa, kuma kwiyakwiyai take kashewa.

Tsayuwa da zama

Kyamara a tsayin idon kare, ko da hakan na nufin ka kwanta rub da ciki. Ƙananan karnuka a ɗora su a kan tebur mai tsayin santimita 40 zuwa 50 da tabarmar roba, mutum yana tsaye dab da shi, hannunsa a shirye.

Mutum ɗaya ne zai yi magana. Idan mai kare da matarsa da 'ya'yansa duk suna kiran sunansa, kunnuwansa za su kwanta, ya rasa wa zai kalla. Duk inda kake son idon ya tafi, can mai lomar zai tsaya. In kana son ya kalli kyamara, lomar ta zauna a kan lensi daidai, ba a saman kanka ba, don ɗaga ta sama yana sa kare ya ɗaga haɓa ka samu hoton maƙogwaro.

Fara da zama, jiki a karkace kamar digiri 45 zuwa wajen babbar fitila, kai ya juyo gare ka. Wannan yana nuna ƙirji da layin baya, yana kuma ɓoye abin da zaman gaba da gaba ke tallatawa a karen namiji. Duba ƙafafun gaba su daidaita. Idan ya zube a kan ƙugu ɗaya, kada a tura shi da hannu, a tashe shi a zagaya da shi a sake zaunarwa. Sai kwanciya, ƙafafun gaba a miƙe, kai a ɗage, daga nan a sauke lomar ƙasa a hankali har haɓarsa ta sauka a kan ƙafafunsa, idanu suna kallon sama. Tsayuwa ita ce mafi wuya, a ɗauke ta daga gefe, ƙafafu huɗu duk a bayyane, mai lomar yana gabansa da taku biyu don wuya ya miƙe.

Miƙewar kunne da karkata kai da sabon sauti ake samun su: fito, murza leda, abin wasa mai ƙara, kukan kyanwa daga waya. Kowane sauti sau biyu ko uku yake aiki, daga nan ya zama labari, don haka a tara su, kada a taɓa ko ɗaya sai saiti ya zauna a ido yatsa yana kan maɓalli. An san shahararren mai hoto Elliott Erwitt da yi wa karnuka haushi da bakinsa don su ɗago. Sautin yana kuma rufe bakin kare mai haki na daƙiƙa ɗaya, lokacin ɗauka ke nan.

Dogon harshe wanda ƙarshensa ya yi faɗi alamar zafi ce, tunda da haki kare ke sanyaya jiki. Masu gajeren hanci irin Pug da Bulldog sun fi saurin galabaita. A wuri mai zafi kamar Kano ko Yamai a watan Afrilu, a sa zaman da sassafe, ruwa a kwano a gefe, a kashe tsohuwar fitilar gwaji mai ƙwai mai zafi. Lasar leɓe a kai a kai, hamma ba barci, kawar da kai har farin ido ya fito, wutsiya a matse tsakanin cinyoyi, duk suna nufin a dakata. A ba shi minti biyar a waje. In jikinsa ya sandare ko ya fara gurnani, an tashi.

Karen da ba ya zama sai da igiya, a sa masa siririya, mai riƙo ya ɗaga ta sama ta bayan kai yadda za ta ratsa bango kawai, ba gashi ba. Karnuka biyu ko uku kuwa, kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, ka ɗauki kowanne a wurinsa, ka haɗa su a Photoshop. A duka biyun, da zarar an fita da kare, kafin ka taɓa fitila ko saiti, ɗauki hoton bangon shi kaɗai. Da shi za ka cike gurbin igiya da hannun mai riƙo da sawun ƙafa a takarda.